Malama Mai Kwali da Bangon Aji Ɗaya

Kafin ƙarfe bakwai take isowa. Baba mai gadi ya ce shekararsa ashirin da takwas yana riƙe da makullin makarantar nan, bai taɓa buɗe wa wani malami ƙofa kafin ita ba. Jaka a kafaɗa, kwalaye biyu ko uku a ninke a hammata, za ta gaishe shi, ta tambayi ƙafarsa mai ciwo, ta wuce aji ɗaya. Tana buɗe tagogi sai ta zauna a kan kujerar yara, irin gajerun nan da in babba ya zauna gwiwarsa ke kai masa ƙirji, ta ɗauko almakashi ta shiga yanka kwali. Yara ne suka sa mata Malama Mai Kwali, iyaye suka ɗauka, har ta kai in ka kira sunanta na gaskiya a unguwar sai an yi ta kallon juna kafin a nuna maka gidan.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, bayan shekara talatin da huɗu, duk a aji ɗaya. Ba ta taɓa zama mataimakiyar hedimasta ba, balle hedimasta. Akwai dalili, kuma dalilin ne ya sa aka ɗauki biro.

Duk wanda ya leƙa ajinta, bango zai fara gani. Katunan kwali ne liƙe a jere, kowane da kalma ɗaya da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin rubutu, manyan haruffa tas. Ba a sama suke ba, inda malamai ke son rataya abu don baƙo ya gani. A ƙasa suke, daga gwiwar babba zuwa ƙugunsa. In baƙo ya yi ƙorafin sai ya sunkuya, sai ta ce, “To ai ba don kai aka liƙa ba.”

Kalmomin ma ba daga littafi take kwaso su ba. Kullum da safe tambayarta ɗaya ce: “Wa ya zo mana da kalma yau?” Wannan ta ce almakashi, don mamarta tela ce. Wancan ya ce allura, don jiya aka tsira masa ita, har yanzu zama da gefe yake yi. Malama ta rubuta a gabansu, a hankali, suna kallon yadda kowane harafi ke fitowa, sannan mai kalma ya shafa gam ya liƙa da hannunsa. Akwai ranar da wata yarinya ta kawo malalaci. Malama ta ce, “A ina kika samo wannan?” Ta ce, “Haka Mama ke ce wa Baba.” Malama ta rubuta abinta ta ba ta ta liƙa. Uban da kansa ya zo ya gani ranar taron iyaye, ya yi dariya har da riƙe ciki, uwar kuwa ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Maigidanta kafinta ne, mai barkwanci. Yakan ce matan mutane na tara kwanuka, tasa na tara kwalin sabulu. Amma shi ne ke wasa mata almakashi duk ƙarshen wata, shi ne kuma ke biyawa shagon bakin titi ya kwaso kwalayen da mai shagon ke ajiye mata.

A shekararta ta tara abin ya faru. A lokacin ajinta ya yi suna. Duk baƙon da ya zo makaranta, can hedimasta ke kai shi. Malama ta ɗauki sanda ta fara nuna katuna daga bakin ƙofa ta bi bango har ƙarshe, yara hamsin da biyu suna faɗa da murya ɗaya, ba mai tuntuɓe. Baƙi su yi ta jinjina kai: yaran aji ɗaya, kalma ɗari da goma sha takwas! Ita ma tana jin daɗin abin, ba ta taɓa ɓoyewa ba. Hedimasta ya tura sunanta don a ba ta kujerar mataimakiya, aka ce jami'in duba makarantu zai zo ranar Alhamis ya gani da idonsa kafin a sa hannu.

Saboda zuwan nasa aka kira mai fenti a ƙarshen mako. Mutum ne mai tsantseni. Ya ɓamɓare katunan ɗaya bayan ɗaya don kada fenti ya ɓata su, ya zuba a bokiti, bango ya bushe ya mayar da su a jere, layi miƙe kamar an sa igiya. Abin da bai sani ba, kowane kati yana da mazauninsa tun ranar da aka fara liƙa shi. Shi dai wanda hannunsa ya kama shi yake liƙawa.

Litinin da safe Malama ta lura an hautsina su, amma ba ta damu ba. A ranta ta ce kalma ai kalma ce, duk inda aka liƙa ta. Ta ɗora sanda a kan katin farko, an rubuta tebur.

Yara suka ce, “Ruwa!”

Ta matsa na biyu, an rubuta kaza.

“Wuta!”

Gabanta ya faɗi. Ta ci gaba, ko za su farga, ina! Haka suka bi bangon nan kaf, cikin murna, suna rera tsohon jerin, ba wanda ya ko kalli abin da ke ƙarƙashin sandar. Ta ciro kati ɗaya ta kira yarinyar da ta fi kowa ɗaga murya, wadda kullum ake nuna wa baƙi. Yarinyar ta kalli katin, ta waiga bango, ta sake kallon katin, sannan ta ce, “Malama, a ina yake da?”

Malama ta ce daga baya, da ƙasa za ta tsage a ranar da ta shige. Shekara tara tana zaton karatu take koyarwa, ashe wurin zaman katuna yaran ke haddacewa. Ta bi su ɗaya-ɗaya kafin a tashi. Shida ne kawai ke iya karanta kati a hannu.

Ta tafi ofis ta faɗa wa hedimasta. Ya saurara, ya cire tabarau ya murza ido.

“Kin tuna yadda suke a da?”

“Na tuna, ranka ya daɗe.”

“To mene ne abin tashin hankali? Mayar da su. Alhamis ta wuce, a sa miki hannu, sai ki gyara abinki a tsanake. Wa zai sani?”

“Ni zan sani.”

“Haba Malama! Ni na kai sunanki da hannuna. In kika kunyata, tare da ni kika kunyata, da makarantar gaba ɗaya. Ki je ki yi tunani.”

Ba mugun mutum ba ne, kuma maganarsa ba ta rasa kan gado ba. Kujerar tana sonta, wa zai ƙi? Da ta koma gida ta tarar da maigidan yana goge ƙafar wani tebur a tsakar gida, ta zayyana masa komai. Ya ce, “Ni dai abin da na sani, in na rufe ruɓaɓɓen katako da fenti, mai kaya zai yaba a ranar. Sauran kuma kin fi ni sani, Maman yara.” Ya ci gaba da gugarsa.

Baba mai gadi ya ce ranar Laraba da safe ya hango ta ta taga. Ta cire katunan duka ta shimfiɗa su a kan tebura bisa tsohon jerin, ba ta kuskure ko ɗaya ba, ga robar gam a buɗe. Ta tsaya a kansu ta daɗe, hannu a ƙugu. Can sai ya ga ta tattara su ta yamutsa kamar mai raba karta, ta shiga liƙawa yadda suka zo. Ya ce shi a lokacin bai gane komai ba, ya ɗauka wani sabon salon wasa ne.

Jami'in ya zo Alhamis. Kafin ya zauna ta faɗa masa da bakinta abin da ta gano. Ya gwada yaran da kansa, ya samu shidan nan, ya rubuta abin da ya gani. Aka ba malamin aji biyar kujerar. Hedimasta ya yi zango guda ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa su. Magana ta fita unguwa, wai ashe waƙa ake koya wa yara a aji ɗaya, iyaye uku suka cire 'ya'yansu. Abin ya yi mata ciwo sosai, ta yi kuka, ba sau ɗaya ba. Rahoton kuma ya zauna a fayil ɗinta, duk sanda maganar ƙarin girma ta taso shi ake fara cin karo da shi.

Amma tun daga makon nan ba katin da ya sake wuce kwana bakwai a wuri ɗaya. Kowace Litinin sai ta sauya musu mazauni. Ta daina karatun taron dangi, inda mai ƙarfin murya ke ɗauke da sauran. Sai ta ce, “Ke, nemo min taga,” yarinya ta tashi ta bi bango da yatsa har ta samo, ta faɗi harafin da ya fara, ta kai katin ta ɗora a kan tagar gaske. Wata rana ta kwashe katunan ta watsa a ƙarƙashin bishiya, kowa ya tsinto nasa. Wanda ya karanta kati sau uku a wurare uku, ya tafi da shi gida ya karanta wa mutanen gidansu, ya dawo da shi gobe. Da yawa sukan dawo da maiƙo ko a jiƙe, ta yanka sabo ba tare da faɗa ba. Kafin shekarar ta ƙare, yara arba'in da ɗaya cikin arba'in da taran da suka rage suna karanta duk gajeriyar kalmar da aka rubuta musu a allo, har wadda ba ta taɓa hawa bango ba. Sauran takwas ta roƙi malamar aji biyu ta riƙa turo mata su lokacin hutun tara.

Malama, ke ce kika ga kuskurenki da idonki, ba wanda ya kama ki, kika ɗauke shi kika kai gaban mai rubuta rahoto. Ke ce kika zauna shekara ashirin da biyar bayan haka a kan gajeriyar kujera, waɗanda kika koya wa riƙe rajista suna wuce ki suna zama shugabanninki, ba ki fasa zuwa kafin bakwai ba. Mai haƙurin yanka kwali, uwar masu koyon baƙi! Ba a ba ki ofis ba, kuma mun san kin so. Ba za mu yi miki ƙaryar cewa bai dame ki ba.

Tsohon hedimastan yana nan da ransa, ido ya yi rauni, amma baki garau. Da aka je masa da maganar wannan rubutu, bai bari an gama tambaya ba.

“Ni na ce ta mayar da su,” in ji shi. “A rubuta haka, kada a gyara min. Da ta ji maganata, da ta bar ajin nan tun a shekarar, da wanda ya gaje ta ya tarar da bango da sanda ya ci gaba da rera wa yara. Ku lissafa, yara hamsin duk shekara. Na yi fushi da ita zango guda, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa tuna min ba.”

Mun gode, Malama. Iyayen da ba su taɓa sanin wannan labari ba sun gode, da 'ya'yansu da ke karanta takardar magani da saƙon waya ba tare da sun nemi mai duba musu ba. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara wa maigida haƙuri, don ba mu ga alamar za ki daina tara kwali ba.

Ku kuma malaman ƙananan azuzuwa, da duk wanda yaransa ke amsawa da murya ɗaya har baƙo ya tafa, ga abin da za ku ɗauka daga wurinta, ba ya bukatar izinin kowa. Ranar Litinin ku riga yara shiga aji, ku sauya wa katunanku wuri, ku ɗora sanda a kan na farko ku saurara. In abin da kuka ji ya sa gabanku ya faɗi, kada ku mayar da su.