Kawu Sifana, Mai Aron Hannu

Kafin ya buɗe shagonsa, kafin ya taɓa injin kowa, Kawu Sifana sai ya biya gidan burodin da ke bakin layinmu. Ba ya karɓar mai zafi. Wanda ya kwana yake so, amma bai kai ga bushewa ba, don shi ne ke cuɗuwa ya kama ƙugiya. Sai ya jefa shi a jakar da ke rataye a kan kekensa, sandunan fatsa biyu ɗaure a jikin keken, bokitin ƙarfe a baya yana ƙwaram-ƙwaram, ya gangara bakin tafki. Tun ina 'yar makaranta nake jin ƙarar bokitin nan. Idan ta wuce ƙofarmu ban sa takalmi ba, to ranar na makara.

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Makaniki ne, mai gyaran injin ban ruwa da janareto, kuma sifana ba ta barin aljihunsa ko da gaisuwar mara lafiya zai je. A watan nan ya miƙa wa yaran shagonsa makulli, ya ce gwiwa ta ce ta gaji. Manoma za su yabe shi kan injunan da ya tasa bayan an fid da rai da su, kuma sun fi ni sanin wannan, ni abin da na sani game da inji ƙara ce kawai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sandarsa ta biyu.

Karfasa yake kamawa, kuma daga gaɓa. Bai taɓa taka kwalekwale ba, yana cewa shi da ruwa gaisuwa ce daga nesa. Da ya isa sai ya marmasa ɓawon burodin ya watsa, kifi ya taru. Sannan a ɗebi tsokar cikin, a murza ta kamar ƙwayar wake, a lulluɓe ƙugiya da ita. Idan ta yi tauri ƙugiya ba za ta fito ta kama baki ba, idan ta yi laushi ruwa ya wanke ta. Ga karfasa da tsirfa, da ta ji warin baƙin mai a jikin burodi sai ta juya baya. Hannun makaniki kuwa kun san shi, har layukan tafinsa baƙaƙe ne. Shi ya sa kullum Kawu yake neman wanda zai murza masa burodi, ya ba shi sanda ta biyu ladan wahala.

Mu dai mun ɗauka duk wanda ya gani zaune yake ja. Matar da ke sayar da burodin ce ta fara ankarar da ni.

"Ke ba ki lura ba?" in ji ta. "Tun da nake ba shi burodi ban taɓa ganin ya ɗauki mai dariya ba. Kin tuna direban nan da motarsa ta kife da mutane, ya daina fita ko ƙofar gida? Wa ya fito da shi? Damina guda yana bin bayan keken nan kamar jela. Yau ga shi can yana koyar da tuƙi, ya yi tumbi."

Na yi dariya na wuce, ban san maganar tana jira na a gida ba.

Shekarar da mahaifiyata ta rasu, Allah ya jiƙanta, mahaifina ya lulluɓe keken ɗinkinsa da zane ya shiga ɗaki. Tela ne, mutumin da ba ya iya zama hannu rabbana, amma sai ga shi ya wuni yana kallon bango. Abinci yadda ya shiga haka yake fitowa. Mun lallashe shi, mun yi kuka, 'yan'uwa sun zo sun yi ta ba shi haƙuri har kalmar ta gundure shi. Likita ya duba ya ce babu ciwon da zai rubuta wa magani, amma jikin da ba ya cin abinci ba ya daɗewa. Rigunan da ya ɗinka wa kansa suka koma kamar na aro. Na ji tsoro ƙwarai, na ga za mu rasa iyaye biyu a shekara ɗaya.

Wata safiya ƙarar bokitin ta zo ƙofarmu ta tsaya. Kawu ya yi sallama, ya wuce ni har bakin ɗakin Abba.

"Tela, kana ciki?"

"Ina ciki."

"To fito, aron hannu na zo."

"Hannuna ba ya komai yanzu, Sifana."

"Ai irinsa nake nema. Dubi nawa. Kifi ya raina ni, matata har ta fara tambaya ko wanka nake kai bokitin. Na gwada mai aski, hannunsa duk turare. Na gwada mai fenti, gara ma nawa. Kai kaɗai ka rage a layin nan."

"Ka yi haƙuri, ba zan iya ba."

Kawu bai roƙe shi ba. Ya zauna a dokin ƙofa, ya ciro burodi, ya ce to bari ya gwada da kansa ko Allah zai sa a dace. Ya shiga dunƙula wasu irin ƙatti, wani kamar ƙwai, wani a karkace, duk da zanen baƙin yatsa, yana jera su a gaban mutumin da kan warware ɗinkin riga guda saboda layi ɗaya ya kauce. Ina laɓe ina kallo. Abba ya kau da kai, ya sake dubawa, ya yi tsaki.

"Wannan kifi za ka kama ko jifansa za ka yi? Miƙo nan."

Rabon da in ji faɗa a muryarsa tun kafin rasuwar. Na koma kicin na yi kukana.

Bayan 'yan kwanaki na bi su da shayi. Na same su zaune a kan duwatsun gaɓa, kowa da sandarsa. Abba ya jera 'yan dunƙulen burodi a kan gwiwarsa, kansu ɗaya kamar maɓallan riga. Can ina kallo, idonsa na kan ruwa, sai ya gutsuri ɓawon burodin ya kai baki, shi kansa bai san ya yi ba. Kawu ya gani. Bai ko juyo ba, ya dai sa ƙafa ya tura jakar kusa da shi.

Ranar da Abba ya kama karfasar farko da hannunsa, Kawu ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce Abba ya ɗaga ta tana wutsil-wutsil, ya tuna mahaifiyata, ya ce, "Da tana nan da ta ce ƙaya ta yi yawa," sai kuka ya ƙwace masa. Na tambayi Kawu me ya ce masa. Ya ce, "Me zan ce? Ni kifi na je kamawa." Da rana Abba ya shigo da karfasar ya ce in soya ta yadda mahaifiyata ke yi. Ya cinye, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Kafin sanyi ya shigo ya yaye zanen da ke kan keken ɗinki.

Kawu, kai ne ka gane abin da mu masu kwanon abinci da "sannu" muka kasa ganewa. Kowa ya zo wa Abba da tausayi, kai ka zo masa da buƙata. Kai ne mai zama kusa da mai kuka ba ka ce ya yi shiru ba. Gwanin tada injin da ya kwanta, ashe ba inji kaɗai kake tayarwa ba.

Bakin tafkin ya canza yanzu. An sare yawancin ciyawar da karfasa ke fakewa, an yi gine-gine har kusa da ruwa, kuma da yawa cikin waɗanda suka riƙe sanda ta biyu sun riga mu gidan gaskiya. Wani lokaci nakan tsaya wurin duwatsun in tuna su ɗaya bayan ɗaya, tsohon malamin da ritaya ta zo masa da kaɗaici, da mai kantin da gobara ta cinye masa komai. Ina kewar zamanin nan, har da kukan da na sha a cikinsa.

Ranar da ya miƙa makullin shagon na ja shi gefe.

"Kawu, tsakaninka da Allah, da gaske karfasa ba ta cin burodin da ka taɓa?"

"Da gaske ne mana. Ba ta son warin baƙin mai."

"To duk shekarun nan ba ka samo dabara ba?"

Ya waiga ya tabbatar Abba yana nesa, sannan ya rage murya.

"'Yata, ai akwai sabulu a duniya. Kar dai ki gaya wa Tela."

Ka gafarce ni, Kawu, ga shi na gaya wa duniya. Abba kam ba ruwansa da karatun jarida, kuma ina zargin ya daɗe da sani, kunyarka ce ta sa yake ci gaba da murzawa.

Ku da kuke karantawa, a kowane layi akwai wanda ya rufe wa kansa ƙofa. Ku tuna abin da hannunsa ya iya, ku je ku roƙa, ko da ku ma kun iya.

Kai kuma Kawu Sifana, Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya saka maka da abin da bakina ba zai iya ba. Mahaifina yana raye. Ya ga aurena, ya ɗauki 'ya'yana, jiya ma faɗa ya yi mini wai na kai ɗinki wurin wani tela. Na tsaya ina sauraron faɗan har ya gama, ina gode maka a zuci.