Sautin da Ba Ya Tsallake Katanga

Har yau ban yafe wa Kawun nan na Umdurman ba, kuma ba na jin zan yafe.

Ba kawuna ba ne na jini. Mahaifiyarsa 'yar garinmu ce, an goyo ta daga Kano za a tafi Makka, tafiya ta tsaya a Sudan, ta tsufa a can. Da zan tafi karatu Khartoum, mahaifina ya ce in nemi gidansu. Na sami tsohuwar ta kusa kurmancewa, jikokinta suna ce mata habboba, ni kaɗai nake ce mata Kaka.

A ɗakin kwananmu na ɗalibai akwai talabijin, amma daga ƙwallo sai wasannin Masar. Sai in yi mako ban ji an ce "sannu" ba. Shi ya sa duk Juma'a nake hawa bas daga Suk al-Arabi, in tsallake kogi, in ƙarasa da raksha, wato adaidaita-sahunsu. A gidansu ana kama wata tashar Hausa.

Mutanen can ba sa kallo a ɗaki saboda zafi. Da la'asar sai a yayyafa wa tsakar gida ruwa, a fito da gadajen igiya, a ɗora talabijin a kan tebur. Duk abin da kake kallo, maƙwabcinka yana ji ta kan katanga. To nan ne Kawu yake nuna halinsa. In labaran Larabci ne, sauti har titi. Da an koma Hausa sai ya maƙure shi, ya danne rimot a ƙarƙashin cinyarsa. Mutum da furfurarsa, yana ɓoye harshen uwarsa kamar kayan sata. Ni ma da Larabci yake min magana, da gangan, yana kallo ina in'ina.

Da sauti ƙasa haka Kaka ba ta jin komai. Sai in zauna a gefenta ina maimaita mata a kunne, ita tana dariya bayan kowa ya gama. In an nuna mai tuyar ƙosai sai ta damƙe hannuna ta ce haka uwarta take juya shi. Wannan sa'a ɗayar ce abin da ni da ita muka mallaka a mako.

Wata Juma'a aka nuno kasuwar unguwarmu ta Kano. Na gane rumfar mai gyaran keke, ina jiran a juya in ga bakin lungunmu, sai aka yi sallama. Maƙwabcinsu ne, Balarabe, ya zo shan shayi. Kafin ya cire takalmi Kawu ya canja tasha.

Raina ya ɓaci. Na fizge rimot ɗin, na mayar, na ƙure sauti. Na dubi baƙon na ce masa da guntun Larabcina, "Harshenmu ne. Harshen mahaifiyarsa ne."

Baƙon ya yi murmushi kawai, ya sha shayinsa. Kaka kuwa ta miƙe zaune, ranar ce ta fara jin muryoyin da kunnenta. Kasuwar ma an riga an wuce ta.

Da baƙon ya tafi, Kawu ya raka ni bakin ƙofa. A nan ya yi min Hausa, tsaf, irin wadda ban taɓa sanin yana da ita ba.

"Yaro, kai da ka gama karatu jirgi za ka hau. Ni a wannan layin 'ya'yana za su nemi aure da aiki. Kada ka sake zuwa."

Na san akwai gaskiya a maganarsa, kuma wannan ya ƙara min tsanarsa. Matsoraci ne, ko da hujjarsa.

Bayan wata biyu na haɗu da babbar 'yarsa a tashar bas. Na tambaye ta lafiyar Kaka. Ta ce babansu ya gaya wa Kaka tashar Hausar ta lalace, sai an samo mai gyara. Duk Juma'a da la'asar tana sa a fito mata da gadonta gaban talabijin, ta matsa gefe ta bar wurin mutum ɗaya, tana tambaya ko ɗan Kanon nan ya iso.