Buhunan Malam Lado

Ina cikin takabar maigidana Balarabe butar alwalata ta tsage a gindi. Maƙwabcinmu Malam Lado ya ji ina faɗa wa Luba, matar ƙanin marigayi. Ya aiko aka karɓa, ya liƙe ta da dalma, ya dawo da ita kafin azahar. Da ita nake alwala har yau.

Shi mutumin garinmu Yako ne, amma shekara ashirin ya yi yana aikin gyaran hanya a ƙaramin layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Jos. Da aka rufe layin ya dawo gida da guduma da tari. Ba shi da yawan magana. In ya taso daga gona sai ya tsuguna a bayan rumbunsa yana gina layin nan ƙarami a ƙasa. Dogo na kara ne, tarago na gwangwani, ƙafafu na murafen kwalba. Yana da wani ɗan tsinke da yake auna tsakanin dogo da dogo, wai nasu ya fi na Kano ƙanƙanta, ba zai yi masa ƙarya ba. Har gada ya yi a kan magudanar ruwa.

Wata rana na leƙa ta hudar danga, abin da bai kamace ni ba. Na hango wasu ƙananan abubuwa na yumɓu a jere a tasharsa, kowanne da ɗan kai. Na ce wa Luba, "Mutum-mutumi na gani." Kafin la'asar maganar ta zama gumaka, kafin Juma'a an ce yana yi musu yanka.

Mutane suka shiga suka tattake komai. Liman ya iso a makare, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya. Malam Lado ya ce, "Allah gafarta Malam, buhunan kuza ne, irin waɗanda jirgi yake ɗaukowa daga Jos. Kan nan ɗaurin bakin buhu ne." Liman ya yi salati, ya kori mutane. Amma kaɗan ne suka ji wannan. A masallaci sai a bar gurbi tsakaninsa da na kusa da shi.

Bai sake ginawa ba. Damina biyu ya yi bayan haka, tarin ya ɗauke shi.

Kafin rasuwarsa, sau ɗaya ya tsayar da ni, a hanyar rijiya, idonsa a ƙasa. A ranar na gane ya san ni ce na fara maganar. Na amsa masa da to, na isa rijiyar, na ga mata sun cika, na ja ruwana na dawo ban buɗe baki ba. Abin da ya ce kuwa bai da yawa:

"Safara'u, ba faɗa zan yi ba. Mata suna jin maganarki. Don Allah in kin je, ki ce musu buhuna ne."