Kantin Haris

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar 'yan mata a Kano kafin maigidana ya samu gurbin ƙaro karatu a Alƙahira, ya ɗauko ni ya ajiye a hawa na huɗu a unguwar Ainu Shams. Shi ya fita lacca tun safe, ni in zauna da tukunya da ƙarar tuk-tuk, keke napep ɗin can. Mace mai baki irina, wadda ta saba cika aji da murya, sai ga ta ba abokin hira sai bango. Larabcin da na zo da shi kuwa na Islamiyya ne. Ranar da na fara gwada shi a kan mai tumatir, sai da ya bari na kai aya sannan ya ce sadaƙallahul azim, duk kasuwa aka kwashe da dariya.

Wata rana ina hawan bene da leda a hannu biyu, ledar albasa ta fashe, na ce da Hausa Allah ya isa tsakanina da wannan bene. Sai na ji wata murya daga sama ta ce bene bai ci mini komai ba, ƙafata ce gajera. Na ɗaga kai na ga wata tsohuwa baƙa siririya, ta naɗe cikin tobe irin na matan Sudan, tana yi mini dariya da sauran haƙoranta. Ashe ƙofarsu ce ke kallon tamu. Kowa a gidan Habboba yake ce mata, wato kaka a bakin mutanen Sudan, ni ma na bi sahu. Ita kuma ta raɗa mini 'yar Kano, har muka rabu ba ta taɓa kiran sunana ba.

Hausarta tsohuwa ce, irin wadda rabona da jin ta tun a bakin kakata, ga Larabcin Sudan a tsakiya. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa zai tafi aikin hajji, ya tsaya a bakin kogi a Sudan don ya yi noma ya ƙara guzuri, noman da bai ƙare ba ke nan. A can aka haifi ubanta, a can aka haife ta, amma ta ce duk lokacin da suka je neman takardar zama 'yan ƙasa sai a ce su kawo shaidar kakan kaka, a unguwa kuma Fallata ake ce musu, wato baƙin yamma. Da rikici ya koro su Masar sai suka zama baƙi a karo na biyu. Su uku suka rage: ita, da 'yarta da mijinta ya rasu, wadda ke zagawa gidajen biki tana yi wa amare lalle, sai jikarta mai shekara goma sha uku, yarinya mai kai, da ke zuwa wata makarantar 'yan gudun hijira da ba wanda ya san inda takardarta za ta kai mutum.

A sanyin ƙarshen shekarar 2011 aka yi zaɓe a Masar. Makarantar da ke tsallaken titinmu ce rumfar mata, muka zauna a barandar bene ni da Habboba muna kallon layi har kwanar mai burodi. Da la'asar matar bawwab, mai gadin gidanmu, ta hau bene tana nuna wa kowa yatsanta da aka tsoma a tawada. Habboba ta kama yatsan ta juya shi, ta daɗe tana kallo har matar ta fara jin kunya. Bayan ta sauka Habboba ta ce ita ko sarkin kasuwa ba a taɓa tambayarta wa take so ba. Ta faɗa da dariya.

Aka kwana biyu, har shekara ta zagayo da ɗoriya, sai wata safiya 'yar Habboba ta buga mini ƙofa ido jajir. Ofishin 'yan gudun hijira sun kira ta, abin da suka yi shekaru suna jira ya fito, Amurka ta karɓe su su uku. Na buɗe baki zan yi guɗa ta rufe mini. Ta ce tsohuwa ta ce ba inda za ta je, khalas, magana ta ƙare. Ita kuma ba za ta bar uwarta ita kaɗai a Alƙahira ba ko da za a ba ta Amurkar duka, don haka in tsohuwa ta zauna, yarinya ma ta zauna, karatu ya tsaya inda ya tsaya. Na tambayi dalili. Ta ce uwarta ta rantse ba za ta je ta ƙare rayuwarta tana shara a kantin wani Haris ba.

Sai da na sa ta maimaita abin da aka faɗa mata a waya kafin na gane. Birnin Hustan za a kai su, a jihar Tekzas, a yankin da ake kira Haris Kaunti. Kaunti ɗin nan ne kunnen Habboba ya mayar kanti. Haris kuma a Larabci mai gadi ne. Ita a lissafinta, wani tsohon mai gadi ne ya tara kuɗi ya buɗe kanti, yake neman baƙaƙe masu araha. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, matar nan tana tsaye tana kuka. Da na dawo hayyacina sai na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Malama ta samu ɗaliba.

Na karɓe kwamfutar maigida, ya yi ta mita wai yana da bahasi, wato binciken karatunsa, na ce bahasin ya jira. Na yi kwanaki ina karatu kamar mai shirin jarrabawa. Sannan na ɗauki babban tire da burodin Masar da suke kira aish na ƙwanƙwasa ƙofarsu. Na ce tiren nan shi ne Tekzas, an yanka ta gunduwa-gunduwa sama da ɗari biyu da hamsin, kowace gunduwa ita ce kaunti, kamar dai ƙaramar hukuma a wajenmu. Na gutsuri burodi na ajiye can gefen kudu maso gabas, kusa da teku, na ce ga tasu, mutanen cikinta sun haura miliyan huɗu. Na ba ta labarin ƙasar, shimfiɗaɗɗiya ce ba tudu ba dutse, ga rafuka masu tafiyar hawainiya sun ratsa ta, ga zafi mai gumi, in ruwa ya yi yawa titi ya koma kogi. Na kawo man fetur, na kawo tashar jiragen ruwa, na kawo dogayen benaye. Habboba ta saurara tsaf, ta miƙa hannu ta ɗauki kauntin ta tsoma a shayi ta cinye.

Tambaya ɗaya ta yi, wa ke da garin. Nan na yi ɓaranɓarama, na fassara mata sunan muƙamin yadda yake, na ce babbansu alƙalin kaunti ake ce masa. Ta dafe ƙirji ta ce garin da alƙali ne sarki ai kowa mai laifi ne. Na shiga gyara, na ce suna ne kawai, aikinsa ba zaman shari'a ba ne, shugabantar majalisa yake yi, shi da wakilai huɗu, kowane da ɓangarensa. Majalisar ma kotu ake ce mata, amma aikinta gyaran hanya, da asibitin marasa ƙarfi, da magudanan ruwa, da kasafin kuɗi. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Kanti da ba kanti ba, alƙali da ba ya shari'a, kotu mai gyaran kwalbati. 'Yar Kano, ko dai ƙarya aka sayar miki kika kawo mini sari?"

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce mata taurin kan nan yarinya zai ci, ba ita ba. Ta ce in na haifi nawa in zo in koya mata son jika. Na kwashi tirena na fita, na rantse wa maigida na wanke hannuna. Ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ya miƙa hannu zai karɓi kwamfutarsa, na hana shi.

Abin da ya mayar da ni gidansu abin dariya ne. Ina bin tarihin wurin sai na iske mutumin da aka sa wa kauntin sunansa ɗan kasuwa ne. Ya zo ya kafa ƙauye a bakin rafi, ya kafa injin yanka katako, ya kuma buɗe wurin saye da sayarwa. Wato dai kanti. Na zauna ina kallon allon kwamfutar ina jin haushi, don na san abin da zai biyo baya. Amma gaskiya gaskiya ce, na je na faɗa mata. Habboba ta tafa hannu ta ce ba ta faɗa ba, ta kira 'yarta daga kicin ta zo ta ji, ta sa na maimaita. Na ce to amma ya mutu kusan shekara ɗari biyu, ba ya neman mai shara. Ta ce Allah ya sa ya biya ma'aikatansa kafin ya tafi. Ranar ta dafa mini jabana, gahawar Sudan mai citta, wadda ba ta yi wa kowa sai wanda ta yafe wa.

Muna sha ta tambaya ko shi Haris ɗin ɗan asalin wurin ne. Na ce a'a, baƙo ne, daga can arewa mai nisa ya zo, lokacin ma ƙasar ta Meziko ce. Kafin nan Sifaniyawa ne ke iƙirarin ta, kafin su kuma akwai mutanen asali da aka ture. Daga baya aka gwabza yaƙi a cikin wannan kauntin, Tekzas ta ɓalle ta yi zaman kanta 'yan shekaru, sannan ta shiga Amurka. Na ce yau in ka shiga birnin, ɗan Meziko ne, ɗan Indiya ne, ɗan Biyetnam ne, 'yan Najeriya ma ba a magana. Ban rufe mata mummunan ba. Na gaya mata an kai baƙaƙe wurin a matsayin bayi, bayan an 'yanta su ma an daɗe ana hana su zaɓe, sai da suka sha wuya suka ƙwata. Ta tambaya ko sun samu a ƙarshe, na ce sun samu.

Ta juya finjali a hannu. Ta ce kakanta yakan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, su kuma an yi zuriya uku ana haihuwarsu a wuri ɗaya ba su tashi daga raɓa ba. Sai ta ɗago ta kalle ni, babu wasa a fuskarta.

"A can, shekara nawa ake yi kafin a daina ce wa mutum baƙo?"

Na ce a bakin mutane Allah kaɗai ya sani, ba zan yi mata alkawarin abin da ban gani ba. Amma a doka, wanda ya shiga ta hanyar da za su shiga, in ya yi shekara biyar yana iya neman zama ɗan ƙasa, ba mai tambayarsa kakan kaka. Na ce alƙalin nan da take tsoro ma zaɓensa ake yi, da wakilan, da shugaban 'yan sandan kauntin. In wa'adinsa ya cika bai yi abin kirki ba, a sauke shi. Ta nuna jikarta da haɓa, yarinyar tana kwance a ƙasa tana aikin makaranta, ta ce har wannan. Na ce har ita, in ta girma.

Na yi musu sallama na koma gida. Washegari da hantsi na ji ana jan kaya a gidansu. Na leƙa na tarar ta sa an sauko da akwati daga kan kwaba, tana faɗa wa 'yarta wai ta cika sanyin jiki, mutane za su yi tafiya ta zauna tana kallon silin. 'Yar ta kalle ni ta bayan uwarta, hawaye na zuba tana dariya.

A lokacin zafi suka tafi. Mun raka su har bakin titi inda motar ta tsaya, matar bawwab tana ta yalla yalla kada su makara, alhali ita ta fi kowa riƙe su. Habboba ta ba ni tukunyar jabanarta, ta ce in riƙe, in kantin bai yi ba za ta dawo ta karɓa. Na yi kuka sosai. Na yi murna, amma hawa na huɗu ya koma mini shiru, har muka gama muka dawo Kano a 2015 ban sake samun maƙwabciya irinta ba.

Muna gaisawa jefi-jefi a waya. Ta ce zafin garin ya yi mata, kuɓewa ma akwai, ruwa kuma ya taɓa shiga musu har falo, don haka labarin ƙasar da na koya mata ba duka ne ƙarya ba. Shekaru suka wuce, na koma aji. Wata rana na fito daga darasi na tarar da saƙo daga jikar, wadda ta zama budurwa tana jami'a. Hoto ne na yatsa ɗaya, kansa baƙi wuluk da lalle. A ƙarƙashinsa akwai saƙon murya, na danna, muryar Habboba ce, ta ƙara tsufa amma bakin yana nan.

"'Yar Kano, mutanen nan rowa gare su, ba sa sa tawada in an yi zaɓe, sai wata 'yar takarda suke manna wa mutum a riga. Shi ne na kwaɓa lalle na sa wa yarinyar da hannuna. Yau jikata ta naɗa alƙali. In kina da lambar matar bawwab, ki tura mata ta gani."