Daga Wutsiya Muka Fara Kallonsa

A ƙauyenmu, idan maza suka cire gyaɗa ta bushe, sauran aikin namu ne. Babu macen da take son zama ita kaɗai da buhu a gabanta tana ɓara, don haka muke zagayawa, yau gidan wannan, gobe gidan waccan, daga azahar zuwa la'asar. Da can hira ce take ɗauke mana zafin yatsu. Da wayoyi suka shigo sai muka koma kallo. A jingina waya a cikin langa don ƙara ta fito, a ɗora langar a kan kifaffen turmi, kowa ta jawo tabarmarta.

Kowace kaka mace ɗaya ce take zaɓo mana fim mai dogon zango. Idan ya yi daɗi ta sha yabo. Idan bai yi ba, ta shiga uku. Akwai wadda ta taɓa kawo mana wani da jarumin yake kwance a gadon asibiti tun daga farko har ƙarshe, kuma har yau "mai jinya" ake kiranta, ko a gidan biki.

Maƙwabciyata mai ƙuli-ƙuli, wadda bakinta ya fi yajinta zafi, ta fi son na masu kuɗi, inda ake faɗan gado ana zabga mari. Ni na fi son wanda zan yi kuka. Surukata, Inna, cewa take ita ba ta kallon shirme. Baya take juya wa turmin, amma idan aka yi gardamar wanda ya zuba guba a shayi, ita take raba mu.

A shekarar da nake ba ku labari an kawo sabon malamin firamare, ya zo da matarsa. Haifaffiyar birnin Kano ce, iyayenta Barebari. Siririya, mai kunya, ba ta iya ɓara ba, yatsunta duk sun yi bororo. A bakin tabarma take zama, babu mai jan ta da hira sai ni. Mata suka sa mata "'yar birni". Ina ganin yadda take leƙen fuskokinmu idan an yi dariya, ko da ita ake.

Rannan mai ƙuli-ƙuli ta ce, "Bana 'yar birni ce za ta zaɓa mana. Mu ga abin da ake ji da shi a can."

Na san tarko ne. Idan zaɓin nan bai karɓu ba, yarinyar nan ta gama zama cikinmu.

Ta sunkuyar da kai ta ce akwai wani tsohon fim da take kallo tare da mahaifinta, Allah ya jiƙansa, a shagonsa na gyaran talabijin. Na wasu mutane ne a cikin jirgi suna yawo tsakanin taurari.

"Da soyayya?" in ji mai ƙuli-ƙuli.

"Kaɗan."

"Da gado?"

"Babu."

"To uban me suke yi a saman?"

"Hanyar gida suke nema, Yaya."

Ran kasuwar Tsanyawa mijinta ya je wajen masu tura fim aka zuba masa a memori. Ranar farawa a gidanmu ake ɓara. Ta kawo min memorin da safe, ta ce ta yi baƙi za ta makara. Na sa a waya, fim ɗin ya jeru kashi-kashi, na danna na can sama, kamar yadda kowane mai hankali zai yi.

Muna buɗewa sai ga wani dattijo mai furfura, shugaban jirgin, yana shure-shuren mutuwa. Ya cika. Mutanensa suka sa shi a akwati suka tura shi waje ta taga.

"Innalillahi!" Inna ce, ta juyo gaba ɗaya da tabarmarta. "Babu wanka, babu salla, ta taga?"

Muka danna na biye. Sai ga mutumin nan da ransa, yana dogara sanda yana yi wa yara tsawa. Tsakar gida ta kaure. Mai ƙuli-ƙuli ta tafa hannu. "Ahaf! Fim ɗin mahaukata ta kawo mana!"

Daidai lokacin yarinyar ta yi sallama. Ta dubi wayar, ta buɗe baki, amma Inna ta riga ta.

"Ke dai kin cika gaggawa," ta ce wa mai ƙuli-ƙuli. "Rayarwa ta Allah ce, wannan wasa ne suka shirya, amma sun shirya shi da hankali. Sama ce fa. Can rana ba ta fitowa ba ta faɗuwa. To me zai hana kwanakinsu su riƙa komawa baya?"

Babu mai yi wa Inna gardama a unguwar nan. Mata suka shiga gyaɗa kai. Yarinyar ta rufe bakinta ta zauna.

Da na raka ta zaure bayan la'asar ta riƙe min mayafi. "Yaya, daga ƙarshe kika fara. Wayar na ƙarshen take ɗorawa a sama."

Na ce, "Na shiga uku. Gobe sai mu gyara."

"Mu gyara mu ce Inna ba daidai ta faɗa ba? A gaban mata? Ni da na zo jiya?"

Muka bar shi a haka. Washegari na danna na biye, muka ci gaba da gangarawa.

Fim ɗin ba fassararre ba ne, kuma Turancinsu ta hanci yake fita. Nawa na sakandare ya kai ni gaisuwa ya ajiye ni. Dole aka matso da ita kusa da turmi tana faɗa mana abin da suka ce. Ta gaya min ita ba za ta yi ƙarya ba, amma duk inda maganarsu za ta tona mana asiri tari za ta yi. Ta sha tari a kakar nan. Har Inna ta dafa mata citta da kanumfari, ta tsare ta sai da ta shanye.

Kullum shugaban jirgi ƙara yarinta yake. Ya yar da sanda, furfura ta soma baƙi. Mai ƙuli-ƙuli ta ce don Allah a tambayo mata abin da yake shafawa. Jirgin da muka tarar duk faci ya riƙa zama sabo. Babbar rigima ita ce ta likitar jirgin. Mun same ta da ɗa a hannu, bayan kwanaki ɗan ya ɓace sai ga ciki.

"Ta mayar da shi!" in ji mai jinya.

Cikin ya yi ta raguwa har ya baje, sannan aka yi ɗaurin aure.

"Haihuwa kafin aure," in ji mai ƙuli-ƙuli. "Ni dai na faɗa."

Inna ta ce, "Alhamdulillahi, an dai ɗaura." Amma na lura ta daɗe tana kallona ranar.

Buhu na ƙarshe a gidanmu ya sake faɗowa, fim ɗin ma saura ɗaya. Muka danna. Ga jirgi a ƙasa, fes da shi. Ga ciyawa, ga rana. Mutanen duk matasa, kowa rungume da nasa. Shugaban, gashinsa baƙi wuluk, ya ɗaga 'yarsa ƙarama sama, wata tsohuwa tana shafa kansa tana kuka.

"Sun iso gida!" Mai jinya ta rangaɗa guɗa. Mai ƙuli-ƙuli da kanta tana share ido da bakin zani, wai ƙurar gyaɗa ce.

Ni kuwa na san sallama suke yi, yanzu za su hau jirgin su tashi. Na dubi yarinyar. Ta daina fassara, ko tarin ta kasa. Hawaye take yi sosai, idonta a kan mutumin da 'yarsa.

Sai Inna ta miƙa hannu ta kife wayar a cikin langa. "Nan ya ƙare. Ku tashi ku yi alwala."

Da mata suka watse ta kira mu. Ta ce, "Tun ranar ɗaurin auren nan na gane. Ni ba yarinya ba ce. Amma wa zai so fim ɗin da zai ƙare da tura bawan Allah ta taga?" Ta jawo yarinyar ta duba yatsunta, ta ce, "Sun yi kanta, kin zama tamu. Ki yi wa babanki addu'a, 'yata, ki bar kukan. Tarin ma ki bar shi haka, cittata ta ƙare."

Yanzu "mai jirgi" ake kiranta, kuma a tsakiyar tabarma take zama. Mai ƙuli-ƙuli kuwa babu wadda ba ta yi wa tallan fim ɗin ba. Har ta tura wa ƙanwarta da take aure a Rimin Gado. Ƙanwar ta kalla ta bugo waya ta ce ita a nata tsufa mutumin ya yi ya mutu. Mai ƙuli-ƙuli ta ce mata, "Wayarki ce ta juya miki shi, 'yar ƙauye. Daga wutsiya kika fara."