Shekarar da Kurkunu Ya Zaunar da Gwadabe

Ban taɓa ganin mutum mai ƙafar yawo irin Gwadabe na Zoza ba. A zamanin Turawa, lokacin da gyaɗa ta yi kasuwa, shi ke kora jakuna daga Rogo ya bi ta Karaye har kantunan Kano. Ranar da babu tafiya ma sai ya ƙirƙiro ta. Tuwo a tsaye yake ci, gaisuwa kuwa yana yi yana tafiya, sai ka bi bayansa kafin ka ji amsar "ina gajiya".

Ana cikin haka, a ƙarshen wata damina, kurkunu ya fito masa a idon sawu. Wanda bai san ciwon ba zai raina shi, don tsutsa ce siririya kamar zare. Sai dai ba a yi mata gaggawa. A ɗan tsinke ake naɗe ta, kullum kaɗan, in ta tirje a bar ta sai gobe. In ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, wani ma ba ya ƙara miƙe ta. Ɗanmaliki maƙwabcinsu ya fizge tasa da yana saurayi, ga shi nan har tsufa da sanda yake jan ƙafa.

Gwaggo Safara'u, yayar mahaifinsa, ita ta karɓi jinyar. Ta san halin ɗanta, saboda haka ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a garkar bayan gida, tsakanin kuɓewa da yakuwa, inda idonta ke kansa. Kai, Gwadabe ya ba mutane wahala! Ya juya dama, ya juya hagu, ya ƙirga jakunansa da baki, ya yi faɗa da ƙuda, ya jefi duk abin da ya sauka kusa da shi.

"Me ka jefa?" in ji Gwaggo.

"Tsuntsu mana."

"Wanne?"

"Haba Gwaggo, tsuntsu ai tsuntsu ne."

"Ka ji kunya. Ka san kowace rijiya daga nan har Kano, ba ka san masu cin abinci a gidan ubanka ba."

Ta ɗebo tsakin gero ta watsa daf da ƙafar mai ciwon. Ta ce in ya motsa tsuntsayen za su tashi, in sun tashi za ta sani, kuma ranar ba fura. Furar ce ta fara kama shi, ba son ilimi ba.

Da farko shirme ya yi ta yi. Ya ce wa hasbiya kurciya ce ta ƙoshi, sai da Gwaggo ta sa shi duba jan da ke kewaye da idonta da ɗige-ɗigen fukafukanta. Ya ji wani sauti a cikin ciyawa kamar ana tsiyaye ruwa daga gora, ya rantse wani ne ke alwala, ashe kukan tsuntsun nan ne, ragon maza. Da aka gaya masa sunan, ya ɗaure fuska, ya ce da shi ake. Kabare kam ya gane shi da wuri, rawaya da baƙar fuska, don surutunsu ya zo ɗaya.

Wadda ta fi ba shi wuya ita ce baiwar Allah, 'yar mitsitsiyar nan mai shiga har ɗaki. Jajayen ya sani. Masu ruwan ƙasa da ke biye da su kuwa ya ce wani iri ne dabam. Gwaggo ta ƙi faɗa masa, ta ce ya buɗe ido. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai, ga su kuma da tsoro, ko numfashi ya ja da ƙarfi sun watse.

Kaka ta yi, aka cire gyaɗa, kurkunu bai gama fita ba. Wata safiya Barau, abokin tafiyarsa, ya shigo garka da bulala a kafaɗa.

"Sannu, Gwadabe. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Har kun ɗaure kaya?"

"Mun ɗaure. Wannan ɗan abin da ya rage, ai ka ja shi kawai, ka ɗaure da tsumma ka hau jaki. Wa zai zauna wa zare?"

Barau ya fita. Gwaggo tana wajen sussuka. Gwadabe yana jin kukan jakunansa a bakin hanya, wani ne zai kora su. Ya sunkuya ya kama tsinken, ya fara ja, tsutsar ta miƙe ta tirje.

Daidai nan ɗaya daga masu ruwan ƙasan ta sauka a kan babban yatsan ƙafarsa. Bai taɓa ganin ta kusa haka ba. Hannunsa na kan tsinke, amma ya kasa motsa shi, don in ya ja za ta tashi. Ya ga ɗan ja a gaban idonta, ya ga ja a gindin wutsiya, irin na jajayen sak. Ta karkata kai, ta gyara gashinta, ta ƙi sauri. Kafin ta tashi, kukan jakuna ya yi nisa har ya ɓace.

Gwaggo ta dawo ta tarar da shi yana hawaye, ƙato da gemu. Ta dubi tsinken, ta ga an taɓa, ta ga kuma tsutsar ba ta tsinke ba.

"Sun tafi sun bar ni, Gwaggo," in ji shi. Ya share fuska. "Masu ruwan ƙasan nan, matan ne ko?"

"Matan ne," ta ce, ta zauna ta kama ƙafar.

Kurkunu ya fita ɗungurungum bayan kasuwar gyaɗa ta yi nisa. Shekarar ta wuce shi, amma ya ci gaba da taka hanyar Kano da ƙafafunsa biyu har gemunsa ya yi fari. Halinsa bai canza ba, tuwo dai a tsaye. Ni na san shi a tsufansa, kuma sau ɗaya tak a yini ake ganinsa zaune: da hantsi, a garkar nan, bayan rasuwar Gwaggo, ƙafa a miƙe, tsaki a watse kusa da tabon.