Tantin da Doka Ta Sani

Tun kafin mu baro gida hankalina yake kan bangon ɗakin Inna. Ginin ƙasa ne a bakin fadama, da wata tsaga ta gabas da ake liƙewa da laka duk shekara. A ɗakin nan na bar 'yata ta fari, wadda ba ta rabo da tari in an yi sanyi, na goyo ƙaninta na biyo maigida Guangzhou ta ƙasar China. Shi sarin jakunkunan mata yake yana aikawa Kano. Ni ina zaune a unguwar Panyu, can saman bene, in na ga hadari ya haɗo sai in tuna bangon nan, kamar shi ne zai zuba a garinmu.

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a China ce. Kafin damina ta kankama a gida aka yi girgizar ƙasa a wani lardi mai nisa da mu. Bayan 'yan kwanaki maigida ya tafi da ni garin Shiling, inda ake ɗinka masa kaya, wai in sha iska. Muka tarar babu jaka ko ɗaya a kan kekunan ɗinki. Shuɗin tamfol suke ja gaba ɗayansu, matan da ke ɗinkin kuma ko shinkafarsu a gefen keke suke ci.

"Laoban, ina jakunkunana?" in ji maigida. Haka ake kiran mai kamfani a can.

"Meiyo," in ji mutumin, wato babu. "Hukuma ta kira, tanti take so na waɗanda girgizar ƙasa ta shafa. Matan Kano su jira, ba mutuwa za su yi ba."

"Ba ka san matan Kano ba ne."

Suka yi dariya. Maigida ya tambaye shi ko an ba shi takardar kwangila. Ya ce takarda tana tafe, motar kwasar tantin kuwa ga ta a ƙofa. Abin da na lura da shi, tantin ba shi da nauyi. Wata mata 'yar firit ta ɗauki biyu a kafaɗa ta wuce ta gabana.

Cikin watan Agusta ruwa ya ci garinmu. Inna ta ari wayar maƙwabci ta ce bango ya faɗi da rana, ba kowa a ciki, an kwashe su zuwa firamare. Rabin kwanon ajin iska ta yaye shi tun bara. Ina jin tarin yarinyar a bayan muryarta.

Maigida yana da aboki ɗan kwangila a jiharmu. Ya kira shi, ya buɗe muryar wayar, ina tuƙa tuwo ina ji. Abokin ya ce lallai an ware kuɗin tantuna. Maigida ya ce to ai ga su nan jibge a Shiling, ragowar na girgizar ƙasa, a zuba a jirgin kaya kawai.

"Kai, ka daɗe a China ka manta gida," in ji abokin. "Sai an buga talla a jarida tukuna, a jira wa'adi ya cika. Sai 'yan kwangila sun kawo farashi an buɗe a gaban kwamiti. Wannan ma duk mai sauƙi ne. Wane launi ne naku?"

"Shuɗi."

"To ka sha kuruminka. Doka ta ce yadi mai kauri ruwan ƙasa, sandunan katako, turakun ƙarfe. A kawo samfur a duba da hannu."

"Wa ya rubuta wannan?"

"Wanda ya rubuta ya riga kakanka kwanta dama. Amma duk wanda ya sa hannu a kan wani abu daban, shi za a kama."

Muka koma Shiling da bayanin. Laoban ya saurara, ya sosa kai, ya kira mahaifinsa, wani tsoho da ke zama a bakin ƙofa da butar shayi. Tsohon ya ce ya san irin tantin da dokar ta ce, yana saurayi ya taɓa kwana a ciki, in ya jiƙe sai ƙarti huɗu ke ɗaga shi. Yanzu ba mai saƙa yadin sai an yi oda ta musamman, kuma sai an yi watanni.

A lokacin an tsananta maganar biza saboda wasannin, mutanenmu suna ta komawa gida. Cikinsu akwai wani Alhaji ɗan Maradi da muke mutunci da shi. Na roƙe shi da kaina ya tafi wa Inna da shuɗin tantin nan, abin da ban saba ba.

"Ƙanwata, ni ne na zama hukumar agaji ke nan?" ya ce. "To ina tallar jaridata?"

Ya fitar da takalman da ya saro daga akwati, ya cusa tanti biyu. Daga Maradi ya ba direban da ke shiga wajenmu. Kafin su isa an riga an kwantar da yarinyar a asibiti da ciwon haƙarƙari. Ta tashi, alhamdulillahi. Inna ta kafa tantunan a filin makaranta, ta tara masu goyo da ƙananan yara a ciki har ruwa ya ɗauke. Yarinyar ta girma yanzu, sai dai in ta yi sauri ƙirjinta yana fito, tana yawo da abin shaƙa a jaka.

Na gwamnati sun zo bayan an gama girbi, ruwan ƙasa, da sandunansu da turakunsu, yadda aka ce. Mutane sun riga sun ta da ɗakuna, sai suka riƙa rufe gero da su. Ban ji an ce wani ya ci kwabo ba. Kowa ya bi abin da ya tarar a rubuce.

Ni karatuna bai yi nisa ba, ban san ƙofar da ake bi a soke doka ba. In kai ka sani, ko kana da wani a majalisa da yake jin maganarka, don Allah ka ce su buɗe dokar sayen kayan agaji su karanta, su cire abin da ya tsufa tun rani bai fita ba.